Allon kwamfuta ko takarda da fensir: me yaro ke koya a darasin zane da kiɗa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk lokacin da makaranta ta samu kwamfutoci sai ka ji an ce a rage sayen fenti da takarda da yumɓu, a mayar da darasin zane da na kiɗa ɗakin kwamfuta. Hujjar ba ta wuce cewa babu ƙazanta, babu kayan da ke ƙarewa, kuma aikin gobe duk a allo yake. Ina so mu duba abin ta fuskar abin da ke shiga hannun yaro da idonsa da kunnensa. Me ake samu, me ake rasawa, kuma a wane mataki ya kamata a shigo da na'ura?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da maɓallin komawa baya, wanda ake danna Ctrl da Z. A takarda, in ka ba yaro alƙalamin tawada ka ce ya zana bakin kofi, kafin ya ɗora alƙalamin sai ya tsaya ya auna da ido: ina layin zai fara, ina zai lanƙwasa, faɗin nawa ne in an gwada da tsayi. Wannan tsayawar ita ce darasin. A allo ba ya tsayawa. Zai ja layi, ya soke, ya ja, ya soke, sau ashirin, har ɗaya ya faɗo daidai bisa dace. Zanen zai fito da kyau, amma hannun bai koyi komai ba, zaɓe kawai ya yi cikin layuka ashirin. Gobe ka miƙa masa takarda, ka ga hannu na rawa.

Na biyu shi ne zuƙo hoto. Yaro zai zuƙo zanen ninki huɗu ya ƙare darasin gaba ɗaya yana gyara hannun kofi, da ya mayar da shi girmansa sai ya ga hannun ya fi kofin girma. A takarda ba ka da damar ɓuya daga sauran zanen, kullum yana gabanka.

Malam Iliya:
Malama, gaskiyarki a kan abin da kika faɗa, amma kin nuna gefe ɗaya. Akwai yaron da tsoron kuskure ke hana shi ɗora fensir ma. Ya ja layi biyu, ya goge har takarda ta huje, ya dunƙule ta. Irin wannan yaron allo ne ke sakin masa hannu. Sannan gwajin tsari: zane ɗaya, a kwafe shi sau shida, a canza launin baya ko a matsar da abin da ke tsakiya zuwa gefe, cikin minti goma yaro ya ga yadda kowane sauyi ke canza kallon hoton. Da fenti wannan aikin mako ne.

Kuma wannan fargabar ba sabuwa ba ce. An bayyana ɗaukar hoto ga duniya a Faransa a 1839, masu zane ba su ƙare ba. A 1841 aka ƙirƙiro bututun fenti na ƙarfe da ake matsawa, shi ya sauƙaƙa wa masu zane fita fili su yi aiki a gaban abin da suke kallo. Shi ma kayan zamani ne a lokacinsa.

Malama Rabi:
Bututun fenti bai haɗa wa kowa launi ba, Malam Iliya. Nan ne bambancin.

Malam Iliya:
To ai matsalar komawa baya tana da magani a cikin manhajar kanta. A manhajar zane ta Krita, wadda kyauta ce, akwai wurin saita adadin matakan da za a iya sokewa. Ka sa shi 1. Kar a sa 0 da tunanin an kashe shi, domin a Krita sifili na nufin ba iyaka. Sai ka haɗa da ƙa'ida biyu: leya ɗaya kawai, wato shimfiɗa ɗaya ta zane ba tare da ɗora wata a kanta ba, kuma ba a zuƙowa sai mintuna goma na ƙarshe. Da wannan ka dawo da rabin horon takarda.

Malama Rabi:
Na karɓi wannan. Amma launi fa ba shi da irin wannan maganin, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan.

Launin allo haske ne, launin fenti kuwa abu ne mai haɗiye haske. Allo na haɗa ja da kore da shuɗi, kowanne da mataki 256, shi ne ake samun launi sama da miliyan 16. In ka haɗa hasken ja da na kore, rawaya za ka samu. In ka haɗa duka ukun, fari. A fenti ka haɗa ja da kore, ruwan ƙasa mai duhu za ka gani, ka ƙara na uku ya koma taɓo. Yaron da ya fara da allo ya saba ya taɓa da'irar launi ya ɗauki wanda yake so, ko ya ɗora matsotsin launi a kan hoto ya tsotso. Bai taɓa tambayar kansa me ke cikin launin ba.

Ga aikin da ke gyara wannan, kuma ba ya yiwuwa sai da fenti na gaske. A ba kowane teburi launi uku, ja da rawaya da shuɗi, sai fari. Babu baƙi, babu kore, babu ruwan goro. A ce su cika da'ira mai gida 12. Ƙa'idar haɗi: a fara da launi mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara da shuɗi yana neman kore zai cinye rawayan teburin duka bai kai ba, domin shuɗi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga nan sai inuwa. Kusan kowane yaro in ka ce ya yi inuwar jan abu, baƙi zai nema, sai launin ya mutu. In babu baƙi a teburin dole ya gano cewa ɗigon kore a cikin ja yana duhunta shi ba tare da ya kashe shi ba. Kuma kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke burushi, ɗaya na tsarma fenti. In ɗaya ne, kafin rabin darasi duk launukan ajin sun zama ruwan toka.

Wanda ya yi wannan sau uku ko huɗu, in ya koma allo, zaɓen launinsa daban ne. Ka juya tsarin kuwa, ba ka samun haka.

Injiniya Kabiru:
Bari in shigo ta ɓangaren da ke cinye lokacin darasi, domin a takarda tsarin yana da kyau, a aji ne ake ganin tsiyarsa.

Darasin minti 40, in kwamfutoci a kashe suke, ka cire kunnawa da shiga da neman fayil ɗin makon jiya da adanawa a ƙarshe, abin da ya rage na zane da wuya ya wuce minti 25. Dole a kunna su kafin yara su shigo, kuma a tsayar da tsarin sunan fayil tun ranar farko: aji, suna, lambar aiki. In ba haka ba za ka tarar da fayil talatin duk sunansu ɗaya.

Allon zane mara gilashi, wanda ake zana a teburi ana kallon kwamfuta, yana bukatar darasi biyu ko uku kafin hannu da ido su daidaita. Kar a auna yaro a wannan lokacin. In layi ya fito kauri ɗaya ko an danna ko an sassauta, ba alƙalamin ne ya lalace ba, direbar allon ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, ba a saka ba, kwamfutar tana ɗaukarsa a matsayin linzami. Bakin alƙalamin roba ne, yana cinyewa, yara kuma dannawa suke da ƙarfi. In ya fere ya yi kaifi zai karce allon, sai a ajiye na canji.

Sai bugawa, inda yawanci ake kuka. Yaro ya buɗe shafi ƙarami ya yi aikin wata guda, a buga ya fito dishi-dishi. Takardar A4 milimita 210 ce a 297. Don ta fito tsaf ana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto a allo) 2480 a 3508. A ɗigo 72, fiksel 595 a 842 ne kawai, kuma ƙara girman daga baya ba ya dawo da abin da ba a zana ba. Malami ya shirya shafin ya raba musu, kar a bar wa yara. Ku kuma gaya musu tun wuri cewa kore da shuɗi masu ƙyalli na allo ba za su fito haka a takarda ba, tawadar firinta ba ta kai can. Aikin da ba a gama ba a adana shi a fayil ɗin manhajar don leyoyi su zauna. Fayil ɗin hoto na JPEG yana haɗe leyoyi, kuma duk gyara da sake adanawa yana rage ingancinsa.

Binta:
Injiniya, in makaranta ba ta da allon zane ko ɗaya fa, waya kaɗai za ta iya wani abu? Ko dai a haƙura?

Injiniya Kabiru:
Kar a haƙura, Malama Binta. Amma kar a sa yara zane da yatsa a gilashin waya, wahalar banza ce. Ki yi amfani da kyamarar.

Malam Iliya:
Waya ɗaya ta ishi rukunin yara biyar su yi hoto mai motsi da yankakkiyar takarda ko yumɓu, kuma a ganina babu aikin da ya fi shi haɗa hannu da na'ura. Lissafin shi ne hoto 12 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa 10 na bukatar hoto 120. Ki tsayar da su a nan, domin za su ce miki fim ɗin minti uku za su yi, wato hoto sama da dubu biyu.

Abin da ke lalata shi uku ne. Wayar ta motsa: a ɗaure ta a mariƙi ko a manne ta da salatif a gefen teburi tana kallon ƙasa, a manne takardar baya ita ma. Haske ya canza: hasken taga na sauyawa da gajimare, sai fim ɗin ya riƙa ƙyaftawa, gara a rufe labule a sa fitila ɗaya, a kulle haske da saitin kyamara. Sai motsi ya yi yawa: rabin santimita tsakanin hoto da hoto ya isa, in ana son abu ya yi kamar yana rage gudu a riƙa rage tazarar. Ɗaya na motsawa, ɗaya na dannawa, ɗaya na ƙirga, ɗaya na duba ko hannun wani ya shiga hoto. Zai shiga kuwa.

Dakta Hauwa:
Ni ta ɓangaren tarihin zane zan yi magana, kuma a nan ribar na'ura ba ta da musu. Google ya fara ɗora kayan gidajen tarihi a intanet a 2011, gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saki hotunan dubban ɗaruruwan kayansa kyauta a 2017. Ɗalibi na iya zuƙo zane har ya ga sawun gashin burushi da tsagewar fenti, abin da mai tsaye a gidan tarihin ma ba a barinsa ya matsa ya gani.

Abin da allo ke ɓoyewa shi ne girma. Shahararren zanen nan Mona Lisa santimita 77 ne a 53, bai kai ƙaramar taga ba. Guernica da Picasso ya zana a 1937 tsayinsa ya kusa mita uku da rabi, faɗinsa ya haura mita bakwai da rabi. A waya duk biyun girman tafin hannu ne. Ɗalibi zai rubuta maka bayani a kan Guernica bai san cewa wanda ke gabansa ɗaga kai yake yi yana takawa daga wannan gefe zuwa wancan ba. Maganin mai sauƙi ne: kafin a nuna kowane aiki a karanta awonsa, a ɗauki abin awo da alli a shata girmansa a bango ko a ƙasa, yara su tsaya a ciki. Sau da yawa bangon ajin ba zai ɗauka ba, sai a fita waje, kuma wannan fitar ta fi bayanin minti ashirin.

Majigi kuma yana wanke launi in ɗaki na da haske, wuraren duhu su haɗe su zama baƙi ɗaya. Kar a koyar da inuwa da haske da majigi taga a buɗe.

Malam Ɗanjuma:
Allah ya gafarta malamai, kun bar masu kiɗa a baya. Matsalarmu iri ɗaya ce da ta Malama Rabi, suna ne ya bambanta. Manhajar haɗa kiɗa na da maɓallin da ke jawo kowane bugu ya zauna daidai kan lokaci, sannan ga Auto-Tune, wanda ya fito tun 1997, yana jawo murya ta zauna kan sauti. Yaron da ke saɓa lokaci ya danna, ya ji ya yi daidai. Kunnensa bai taɓa jin kuskurensa ba balle ya gyara. A matakin koyo a kashe su duka biyun. Ƙari a kan haka, waɗannan manhajoji sun zo a saite kan sautuka 12 na fiyano. Waƙar da ke da sauti tsakanin maɓalli biyu, kamar maƙaman Larabawa, wato tsarin sautukan kiɗansu, na'urar za ta ɗauke shi kuskure ta murɗe shi. Sai yaro ya tashi yana ganin duk abin da ba ya kan fiyano ba daidai ba ne.

Inda na'ura ta yi rana shi ne naɗar sauti. Mai rera waƙa ba ya jin kansa yadda wasu ke jinsa. A naɗa da manhajar naɗar sauti ta Audacity, a saurara, yaro ya nuna da kansa inda ya yi sauri ko ya sauka, kafin malami ya ce uffan. Makirufo ya yi nisan taƙi ɗaya da baki, a ɗan karkace shi don iskar "f" da "b" kar ta buge shi. Ma'aunin ƙarfin sauti da ke cikin manhajar ya tsaya wajen -12 zuwa -6, in ya taɓa sifili sautin ya fashe kuma ba ya gyaruwa. Sannan manhajar na iya rage saurin waƙa ba tare da sautin ya sauka ba, wanda ke taimaka wa mai koyon wuri mai wuya.

Binta:
Malam Ɗanjuma, me ke sa yaro ya yi daidai in yana bugawa haka kawai, amma da an sa masa abin kunne ana naɗa sai ya riƙa makara?

Malam Ɗanjuma:
Jinkirin na'ura ne, ba laifinsa ba. In abin kunnen na Bluetooth ne, sautin kan makara da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. A kiɗa mai bugu 120 a minti, tazarar bugu da bugu milisakan 500 ce, kin ga an ci kusan sulusi. A yi amfani da mai waya. In har yanzu akwai jinkiri a duba girman ma'ajin sauti (buffer) a saitin manhajar, wato yawan sautin da take tarawa kafin ta fitar: 1024 na ba da kusan milisakan 23 ta hanya ɗaya, 256 kuwa bai kai 6 ba. In an rage sosai sautin ya fara ƙarar tartsatsi, kwamfutar ce ta gaza, a ɗan ƙara.

Malam Nasiru:
Madalla. Saura babbar giwar, ƙirƙirarriyar basira. Tun 2022 da Midjourney da Stable Diffusion da ire-irensu, masu ƙirƙiro hoto daga rubutu, suka bazu, aikin gida na zane ya shiga wani hali.

Dakta Hauwa:
A shekarar ma hoton da aka yi da Midjourney ya ci gasar zanen kwamfuta a bikin baje kolin jihar Kolorado ta Amurka, aka yi ta ce-ce-ku-ce. In hoton na'ura zai iya cin gasa, malami mai duba aiki arba'in da daddare ba zai tantance da ido ba. Manhajojin da ke cewa suna ganowa kuma suna kuskure ta ɓangare biyu, kar a hukunta yaro da su. Abin yi shi ne a daina ba hoton ƙarshe mafi yawan maki. A nemi ƙananan zanen gwaji uku ko huɗu da aka yi a aji, fayil mai leyoyinsa, da bidiyon aikin, tunda manhajojin zane irin Krita da Procreate duk suna naɗar yadda aka yi zanen. Sai tambaya ta baki ta minti biyu: me ya sa hasken ya fito daga hagu, me ka canza daga gwajin farko. Wanda ya yi aikin zai amsa ba tare da tunani ba. A lura kuma, jagorar da UNESCO ta fitar a 2023 ta ba da shawarar kar a bar yaran da ba su kai shekara 13 ba su yi amfani da waɗannan kayan.

Malam Iliya:
Ga manya kuwa ana iya juya ƙirƙirarriyar basirar ta zama darasi. A sa ta fito da hoto, a ba su fensir su yi masa gyaran malami: ina hasken yake, inuwoyi sun bi shi, layukan gini sun haɗu a wuri ɗaya, abin da ke cikin madubi ko ruwa ya dace da na waje? Horon ido ne mai kyau. Ban kuma ga laifi ba in ɗalibi ya nemi dabaru daga gare ta kafin ya zana nasa da hannu.

Malama Rabi:
Rabin farko na yarda, na biyu kam a'a. Ana ta tsoron na'ura za ta yi wa yaro zane, ni abin da ya fi damuna ta yi masa tunanin. Mintuna goman da yake zaune gaban farar takarda yana tauna fensir bai san me zai zana ba, a nan nasa ke fitowa. Ka nuna masa hotuna huɗu masu sheƙi a wannan lokacin, ba zai ƙara ganin komai ba sai su. Zai kwafa da hannunsa, ya cika duk sharuɗɗan Dakta, amma hoton ba nasa ba ne.

Malam Iliya:
Ai ko littafin hotuna ka ba shi haka zai yi.

Malama Rabi:
Littafi ba ya amsa ainihin tambayar da malami ya bayar, dole yaro ya juya abin da ya gani. Wannan kuwa amsar take miƙa masa. In za a yi, sai bayan ya miƙa gwajinsa uku.

Injiniya Kabiru:
Kafin a rufe, wani zai kawo maganar firinta mai fitar da siffa a madadin yumɓu. A yi lissafi tukuna. Tana narka roba a wajen digiri 200 tana jera ta hawa-hawa, kaurin kowane hawa milimita 0.2, don haka abu mai tsayin santimita 5 hawa 250 ne, awa ɗaya ko fiye. Aji mai yara 40 awa 40 ke nan in babu wanda ya ɓalle daga faranti a tsakiya, kuma duk ɓangaren da ya karkata fiye da digiri 45 sai an yi masa tokara. Da yumɓu duk su arba'in suna aiki lokaci guda.

Malam Nasiru:
To in zangon mako 12 ne, ya za a raba?

Malam Iliya:
Ga 'yan sakandare: mako huɗu fensir da gawayi ana zana abin da ke kan teburi, uku fenti, biyar na'ura. Aikin na'urar ya taso daga zanen takarda da aka ɗauka a hoto, ba daga farin shafi ba.

Malama Rabi:
Uku ya yi wa fenti kaɗan, da'irar launi kaɗai za ta ci biyu. Ka ba ni huɗu ka riƙe huɗu. 'Yan firamare kuwa kyamara da naɗar sauti sun ishe su, sauran lokacin almakashi da gam da yumɓu, yatsunsu ne ke bukatar aiki.

Binta:
Ɗaukar zanen takarda a hoton ma ai yana ba da wahala, kullum sai ya fito a karkace ko takardar ta yi ruwan toka.

Injiniya Kabiru:
Ki shimfiɗa shi a ƙasa kusa da taga amma ba cikin rana ba, hasken ya zo daga gefe don inuwarki kar ta faɗa kai. Ki kashe filasha, fensir na ƙyalli a ƙarƙashinta. Ki kunna layukan raga na kyamara ki daidaita su da gefunan takardar, ki ɗan ja baya ki zuƙo ninki biyu maimakon matsowa, domin kusantowa ke lanƙwasa gefuna. Ruwan tokan kuma kyamara ce ke ganin fari ya yi yawa ta rage haske, sai ki taɓa allon ki ja hasken sama kaɗan. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in aka tura a matsayin hoto zai matse shi, siraran layukan fensir su ɓace.